Neman kalma: me za mu kira "ally" na masu fafutuka?

1/ Jama'a, ku zo mu nema wa kalmar "ally" mazauni a Hausa. Ta fagen yaƙi an gama da ita tuni, dakarun ƙawance muke cewa. Wadda masu fafutukar neman adalci ke faɗa nake nufi: mutumin da zaluncin bai taɓa shi ba, tsarin ma yana yi masa rana, amma ya fito ya tsaya wa waɗanda ake dannewa. Farar fata a gwagwarmayar baƙaƙe, ko namiji a batun haƙƙin mata.

2/ "Ƙawa" ba za ta yi ba, ƙawance na tsara ne. "Magoyin baya" ta yi sanyi, daga kan gado ma ana goyon baya da danna waya. "Majiɓinci" da "mai ceto" sun fi ɓata lamarin, domin sun ɗora shi a sama, masu abin sun koma 'yan jiran tsammani.

3/ Wadda ta fi ba ni wahalar turewa ita ce "abokin gwagwarmaya". Tana da daɗin faɗa, kuma akwai waɗanda suka biya kuɗinta da jikinsu. Bram Fischer jikan gidan mulki ne a cikin Turawan Afirka ta Kudu, shi ya jagoranci lauyoyin da suka kare Mandela a shari'ar Rivonia. A 1966 shi ma aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ya rasu a 1975. Wa zai hana wannan mutum sunan aboki?

Amma ku dubi Denis Goldberg, shi ma farar fata ne ɗan gwagwarmaya. Shari'a ɗaya da su Mandela, hukunci ɗaya a 1964. Da aka zo tafiya, aka wuce da baƙaƙen tsibirin Robben, shi kuma aka kai shi kurkukun Turawa a Pretoria, inda ya yi shekara 22. Har a gidan yari gwamnati ba ta manta launin fatarsa ba. Kalmar "aboki" tana shafe wannan tazarar, alhali tazarar ce dalilin da ya sa aka ware wa irin waɗannan mutane suna nasu.

4/ Ɓangaren "privileged", wato wanda tsarin ke yi wa rana, bai ba ni ciwon kai ba: mai gata. Kada dai a ce ɗan gata, wannan shagwaɓa yake kawowa a rai.

Ga yadda gatan ke aiki. A watan Fabrairun 1965 ɗan sandan jihar Alabama ta Amurka ya harbe Jimmie Lee Jackson, matashi baƙar fata, a zanga-zangar neman 'yancin zaɓe. A watan Maris wasu fararen fata suka yi wa James Reeb, limamin coci farar fata da ya zo garin Selma na Alabama daga Boston don taya masu zanga-zangar, dukan da ya zama ajalinsa. Shugaba Johnson ya buga wa matar Reeb waya, kuma a jawabinsa na majalisa ranar 15 ga Maris ya yi maganar mutuwarsa. Jackson bai samu wannan ba. A watan Agusta aka sa hannu a dokar zaɓen. Jinin mai gata ya fi saurin kai ƙara, abin takaici ne, kuma masu shirya gwagwarmayar sun san da haka sarai.

5/ Gatan nan kuma shi ne haɗarin. Wanda ya saba a saurare shi, da wuya ya zauna a taro bai karɓe ragama ba. Abin da ya sa a Afirka ta Kudu ɗan gwagwarmaya Steve Biko da 'yan uwansa suka bar ƙungiyar ɗalibai ta NUSAS, wadda Turawa masu sassaucin ra'ayi ke jan akalarta, suka ƙaddamar da SASO, ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe, a 1969 ke nan.

6/ To ga tawa: matayi. Mace matayiya, jam'i mataya. In ana son a cika, matayin gwagwarmaya, ko matayi mai gata.

Dalilina yana cikin aikatau ɗin kansa. Ba a taya mutum sai da abin da yake nasa. Ka taya shi murna, ka taya shi baƙin ciki, ka taya shi aiki, duk mai abin yana nan, kai ka zo ne daga baya. Kuma mai taya aiki hannu yake sawa, ya yi gumi.

7/ Na san za a ce matayi mai taya kaya ne a ciniki, har ana cewa haja ta rasa matayi. Gaskiya ne, amma da zarar an jingina ta da gwagwarmaya babu mai ruɗewa. Wani zai tuna mana da taya ɓera ɓari. Ni wannan riba na ɗauke shi, ya ba mu sunan matayin da zuwansa ɓarna ya ƙara. Mai yi don a gani kuwa, ɗan kanzagi na nan yana jiransa.

8/ Inda na tsaya cak shi ne "allyship", wato sunan aikin da "ally" ke yi. "Tayi" ta riga ta zama ta ciniki da ta abinci, "matayantaka" kuma nauyi take yi a baki. A yanzu "taya gwagwarmaya" nake rubutawa. Malaman harshe, in akwai wadda ta fi ta, ku ajiye mana a ƙasa.