Ɗalibata mai hazaƙa tana gudun tambaya mai wuya

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ina horar da wata yarinya 'yar shekara 13 a lissafi, kuma dabara ta ƙare mini. Kanta na ja sosai, aljabarar 'yan ajin gaba da ita a ka take warwarewa. Amma da zarar tambaya ta ci mata minti biyar, sai ta ajiye biro, ta kife littafin, wai tambayar ce ba ta da ma'ana.

Na nuna mata tsofaffin tambayoyin gasar Olamfiyad ta lissafi ta duniya, inda ake ba da awa huɗu da rabi kan tambaya uku kacal, ko za ta gane cewa daɗewa ba gazawa ba ce. Ta duba ɗaya, ta fashe da kuka. Na daina yabon ƙwaƙwalwarta na koma yabon ƙoƙari, ta ce ba'a nake mata. Na sassauta tambayoyin, ta fara hamma. Ni dai a ganina, ba ta taɓa faɗuwa a komai ba ne.

Masu horar da irin waɗannan yara, wace dabara kuka bi har yaro ya iya zama kan tambaya ɗaya rabin awa bai gudu ba?