Fim ɗin Hausa, don wa?

Mai Kaset na Wambai:
Salamu alaikum. Jikata ta zo hutu, jiya ta tambaye ni amfanin fim ɗin Hausa, tun da ta san da shi na ci abinci. Na ce bari in kawo muku a baiti. Babban amsa-amo "wa" ne, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Allah zan fara,
Ya ba ni baki da basira,
Ku matso manya da yara,
Fim ɗin Hausa, shin don wa?

A kasuwar Wambai na yi zamanina,
Kaset a kai, kaset a hannuna,
Tun fim ɗin Turmin Danya idona
Ya ga aikin ƙungiyar Tumbin Giwa.

A 1990 aka fito da shi,
Mai bidiyo ya kira maƙwabtanshi,
Tsakar gida ta cika don kallonshi,
Har ta katanga ana leƙowa.

Kafin nan sai dai Indiya,
Siliman Falaza da Oriyon, mu sha tafiya,
Ba ma jin yaren ko ɗaya,
Amma mu fito muna rerawa.

Ran da muka ji Hausa a akwati,
Ga tuwo da miya a faranti,
Ga lungunmu, ga namu titi,
Muka ce ashe namu na zuwa.

Malamin Islamiyya, Zariya:
Baba, gaisuwa da ban girma,
Fim makaranta ce ta al'umma,
In ya gyaru mun samu dama,
In ya karkace, sai ɓatarwa.

Uwa na girki, yaro na kallo,
Abin da bai koya ba a allo,
Ya cafke shi tamkar ƙwallo
Daga bakin jarumi, ba mantawa.

Shi ya sa Kano a 2001
Ta kafa hukuma don tarbiyya,
A tace fim kafin ya kama hanya,
Ni burina dai faɗakarwa.

Rawar mace da namiji a lambu,
A gidan Bahaushe wannan babu,
Aro ce, ko in kira ta jabu,
Daga Indiya aka yi ɗaukowa.

'Yar Damagaram:
Malam, Allah ya gafarta,
Ka ba ni fili in faɗi ta mata,
Mu ne kasuwar, kar a manta,
Mu muka raine shi tun tasowa.

Wa'azi ina jin sa a rediyo,
Ba shi nake nema a bidiyo,
Labari nake so in jiyo,
Mai sa ni hawaye da darawa.

Ranar da aka yi mini kishiya,
Na kasa faɗa wa ko Yaya,
A fim na ga mai irin zuciya
Tawa, tana kukan da nake ɓoyewa.

Fim ɗin Sangaya ya fito a 1999,
Waƙarsa ta ratsa har karkara,
Amare, 'yan mata da yara,
Har Damagaram muna amsawa.

Waƙa kuwa tana da asali,
Kakata ta yi gaɗa a dandali,
A gyara sutura, a sa hankali,
Amma kar a kai ga cirewa.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, kukan nan na fahimta,
Amma gaɗa ai ta 'yan mata,
Ba saurayi a tsakiyarta,
A nan ne muke saɓawa.

Yaron Kyamara, Kano:
Iyayena, ku ɗan saurara,
Ni ke tsaye bayan kyamara,
A rana, a sanyi, a cikin ƙura,
Da fim nake ci da ciyarwa.

Mai kwalliya, mai haske, direba,
Mai dafa abinci, kowa na ɗiba,
Da faifai ya mutu, sai riba
Ta sauya gida, ba dawowa.

A shago a cika maka waya da fina-finai,
Kuɗin bai kai na shayi da ƙwai,
Mai fim ko anini babu, sai dai
Bashi a wuyansa yana ƙaruwa.

A 2016 aka ce a Kofa
Ƙauyen fim gwamnati za ta kafa,
Malamai suka ƙi, aka janye ƙafa,
Har yau gidajen aro muke zagawa.

Yanzu Arewa24 da YouTube ne,
Mai dogon zango, mako-mako ne,
Abin da kuka danna, to shi ne
Gobe za mu sake shiryawa.

Mai Kaset na Wambai:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Maganar faifan nan ta taɓa ni, don ita ta rufe mini shago.

Akwai kwali ɗaya a ɗakina,
Kaset ne ciki, ragowar shagona,
Har da na marigayi Ibro, gwanina,
Bidiyon ce ta daina juyawa.

In akwai mai gyara a cikinku,
Ya yi magana, ina roƙonku,
Jikata nake so, in gaya muku,
Ta gani da idonta kafin komawa.