Obin na gas ko na wuta? Sallah ta matso, ku ba ni shawara

Amaryar Dorayi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki adashi, dubu 120 ne a hannuna, kuma bana ina so in gasa kek ɗin Sallah da kaina maimakon saye. A sama muke haya, mai gidan ya hana hura gawayi, kicin ɗin kuma ɗan tsukuku ne. Wuta a layinmu sai tsakar dare take leƙowa. Wadda ta taɓa amfani da ƙaramin obin, na gas ko na wuta, ta taimaka min, wanne zan saya?

Hajiya Mai Alkaki: Wa'alaikumus salam. 'Yata, adana kuɗinki. Ki samu babbar tukunya ki zuba yashi mai kyau a ƙasa, ki shafa wa gwangwanayen madara bota, ki zuba kwaɓin ki jera, ki rufe, garwashi sama da ƙasa. Da haka muka aurar da 'ya'ya. Gurasar Jakara da kowa ke yabo ai a tanderu ake gasa ta.

Uwar Biyu: Hajiya, ai ta ce an hana ta gawayi. Amarya, ko wanne za ki saya, don Allah kada ki sayi na hannu. Ni na gas na saya na hannu, mai shagon ya yi ta rantsuwa bai daɗe da shigowa ba. Na karɓi aikin kek na bikin 'yar maƙwabciyata, fulawa kwano biyar, ƙwai, bota, sukari, duk da kuɗinsu. Ashe robar ƙofar ta mutu, zafi na fita ta gefe. Ƙasa ya ƙone ƙurmus, sama kuma ɗanye, in ka soka tsinke sai ya fito da kwaɓi. Na kwana ina juya faranti ina kuka. Da safe na sayar da atamfata na biya su. Na mayar wa mai shagon obin ɗin, ya ce wai ni ce ban iya ba. Har yau matar nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ce ta fi min ciwo, ba kuɗin ba.

Maman Ilham: Allah sarki Anti, Allah ya mayar da alheri. Nawa kika saye shi?

Uwar Biyu: Dubu 85.

Maman Ilham: Kai! An cuce ki. Ni sabo dal na saya a Sabon Gari dubu 70.

'Yar Fagge: Yaushe ke nan? Makon jiya na zaga kasuwar, ban ga na gas mai hankali ƙasa da dubu 150 ba. Ko dai na wuta kike nufi? Fulawa ma a Singa kowane shago da kuɗinsa.

Ɗan Kurna: Ni gyaran wuta nake yi. Ƙaramin obin na wuta yana jan wat 1,500 zuwa 2,000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, kuma in wutar ta zo ba ƙarfi kek ba zai tashi ba. Gas ya fi mata, amma ta buɗe taga, kuma ta gwada tiyo da kumfar sabulu kafin ta kunna.

'Yar Fagge: Malam, ka taɓa fasa ƙwai kuwa? A bar masu gasa kek su yi magana.

Ɗan Kurna: Hajiya, ban taɓa ba, amma in ya lalace wurina kuke kawowa.

Hajiya Mai Alkaki: Ni da na shekara ina yi ba a saurare ni ba, sai shi.

Autan Gwammaja: Kek ɗin yayata na wata Sallah can baya da kun gan shi, kamar fuskar dodon tsofaffin finafinan Indiya da muke kallo muna leƙe ta tsakanin yatsu. Duk da haka mun cinye ranar Hawan Daushe kafin Sarki ya iso Ƙofar Kudu.

Maman Ilham: Ka tuna min. Mu da can kek da cincin da dubulan na hawa muke yi, baƙi su zo daga ƙauye su kwana uku, a ga Daushe, washegari Nassarawa. A 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya, mu kuma 'ya'yanmu sun yi Sallah ba su ga doki ko ɗaya ba saboda an dakatar. Ɗana da rawaninsa ya wuni a tsakar gida.

Uwar Biyu: Wallahi masu ɗinkin kayan doki da masu algaita su aka fi bari a rana. Maƙwabcinmu sana'arsa ke nan.

Amaryar Dorayi: Na gode duka. To amma tukunyar yashin, za ta yiwu a kan risho na gas?

Autan Gwammaja: Wai bana za a yi hawan kuwa? Wa ya ji labari?