Wace kalma za mu ba "prodrome" da Hausa?

Jiya na raka yayata asibiti a nan Damagaram. Shekara shida ke nan tana fama da ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migraine. Ta gaya wa likita cewa tun kwana ɗaya kafin kan ya sara, muƙamuƙinta na dama ke yin tsami, ta yi ta hamma, wuya ya sanƙare, tuwo ma sai ta tauna da gefe guda. Likita ya ce da Faransanci wannan "prodrome" ne. Ni ne tafinta, kuma a nan na tsaya cak.

Ga abin da kalmar ke nufi: alamun da ke riga ciwon kan zuwa, wani lokaci da awoyi, wani lokaci har kwana 2. Shi kuwa ciwon kansa yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Dalilin shigar muƙamuƙi ciki shi ne jijiya ta 5 cikin jijiyoyin kai, mai rassa 3: ɗaya goshi da ido, ɗaya kunci, ɗaya muƙamuƙi. Ta wannan jijiyar zafin ciwon ɓarin kai ke bi.

Da na tambayi mutane daren jiya wace kalmar Hausa ta dace, wani ya kawo "alama". Ta yi faɗi da yawa, amai ma alama ce, alhali a tsakiyar ciwo yake zuwa. Wani malami ya ce asalin kalmar Girkanci ne, ma'anarta mai gudu a gaba, don haka a ce "zagi", irin zagagen da ke gaban dokin Sarki ranar hawan salla. Wallahi fassarar ta burge ni. Amma a rubuce ba a bambanta ta da zagin ashar, kuma ba na son maras lafiya ya ga "zagin ciwo" a takarda ya rikice.

A bakin yaya na samu wadda ta kwanta mini. Da safe tana dafe da kunci ta ce, "Ƙanena, baƙon nan ya yi sallama." Sallamar ciwo. Mai sallama ya riga ya iso ƙofa, bai dai shigo ba tukuna.

Kada mu haɗa ta da "déclencheur", abin da ke tayar da ciwon. Wannan ina ganin mu ce tsokana. Wanda ke cizon haƙora cikin barci, ko ya wuni yana taunar goro ko kilishi har mahaɗar muƙamuƙi ta gaji, yana iya tsokano ciwon. Bambancin yana da amfani sosai: idan tsokana ce, a rage tauna, a ga likitan haƙori. Idan sallama ce, ciwon ya riga ya taso, sai a ajiye magani kusa, a sha ruwa, a nemi ɗaki mai duhu. Yaya ta daina cin kilishi wata uku tana zarginsa, ciwon bai fasa zuwa ba.

Abu guda kada mu kira shi sallama: ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji, gumi ko sarƙewar numfashi. Wannan yana iya zama zuciya, asibiti ake nufa nan take.

Mutanen Maraɗi da Kano, akwai wata kalma da tsofaffinku ke faɗa wadda ta fi "sallamar ciwo"? Ranar Alhamis za mu koma wajen likita, kalmar da ta fi dacewa zan faɗa masa.