Idan aka kai maciji daji, yana rayuwa kuwa?

Mai_Lambu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya mun tarar da gamsheƙa a bayan tarin itace, gab da inda yara ke wasa. Na hana a kashe ta, na kira mai kama macizai ya sa ta a buhu, ya ce zai sake ta can cikin daji mai nisa. Tun ranar abin yana damuna. Na cece ta ne, ko kuwa mutuwarta kawai na jinkirta?

Dan_Dawa: Wa alaikumus salam. Nisan shi ne matsalar. Maciji ya san yankinsa sarai: ramin da yake ɓuya, inda ɓeraye suke, inda yake shan rana. Idan ka jefa shi baƙon wuri sai ya yi ta yawo yana neman gida, ya rame, shaho ko mota su gama da shi. A wani bincike na 1999 a jihar Fensilbeniya ta Amurka, an sa wa macizai masu ƙararrawa a wutsiya na'urar bin sawu. Cikin 11 da aka kai nesa, 6 sun mutu. Cikin 18 da aka bari a wurinsu, 2 ne kawai.

Uwar_Biyu: Ni dai Malam, rayuwar 'ya'yana ce a gaba. Idan aka sake shi kusa, ai dawowa zai yi.

Dan_Dawa: Gaskiyarki Hajiya, yakan dawo. Shi ya sa sai an kwashe itacen, an toshe ramuka, an yi maganin ɓeraye. Su ne suka jawo shi tun farko.

Mai_Lambu: Na gode. Gobe da sassafe zan kwashe itacen nan, in sha Allahu.