Muhawara: a sa kuɗin shiga tsakiyar Gusau kamar yadda Landan ta yi?

Baban Ikram: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni fa na daɗe ina faɗi, maganin cunkoson garin nan shi ne a yi abin da Landan ta yi, duk motar gida da za ta shiga tsakiyar gari da rana ta biya kuɗi. Su tun watan Fabrairun 2003 suka fara, fam 5 a rana, kuma motocin da ke shiga suka ragu. Mu ma a gwada daga Tsohuwar Kasuwa zuwa Tudun Wada a gani in hanya ba ta buɗe ba.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, kuɗɗin nan wa za ya amsa? Shi ɗai nika tambaya. Mu da ke bisa hanya kullum mun san takardun da ake yanka muna kahin mu hita, wagga ta ƙungiya wagga ta haraji, wata ma ba sunan kowa bisa gare ta sai hatimin da ya dushe, in ka tambayi yaron ina kuɗɗin ke zuwa shi ce maka oga ya aiko shi, wane oga bai sani ba. Mun ga zamanin tolget bisa hanyoyin tarayya, shekaru ana amsa hanya na lalacewa, har zamanin Obasanjo anka rushe su.

Baban Ikram: Kawu ai yanzu ba hannu da hannu ba ne, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota ka biya ta waya.

Malama Maman Sadik: Baban Ikram ka yi haƙuri, kyamara ba ta amsa tambayar Kawu ba. Kuɗin ya shiga asusu, to wa ke riƙe da asusun, kuma in ya yi ba daidai ba wa zai cire shi? Abin da kake tsallakewa a labarin Landan ke nan. Hukumar sufurinsu TfL an kafa ta a 2000 kuma tana ƙarƙashin magajin gari ne, shi kuma mutanen birnin ke zaɓarsa da kansu. Ken Livingstone tun a kamfen ɗin neman magajin gari ya ce zai sa kuɗin nan, ya hau ya sa, a 2004 ya koma gabansu suka sake zaɓarsa, da bai yi musu ba da sun kada shi. Ga majalisar birnin mai mutum 25 da ke zaunar da shi tana masa tambayoyi a bainar jama'a, sannan doka ta ce ribar kuɗin a harkar sufuri za a kashe ta. Da aka faɗaɗa yankin da ake biyan kuɗin zuwa yammacin birnin a 2007 mutane suka yi ta ƙorafi, Boris Johnson ya ci zaɓen magajin gari a 2008 ya nemi ra'ayinsu, daga baya ya soke ƙarin yankin. Mu nan shugaban hukuma naɗa shi ake yi, ba ya bin ka bashin ƙuri'a ba ka bin shi bashin bayani.

Injiniya: Malama ni a nan ne muka rabu. Ɗaure hukumar sufuri a ƙafar ɗan siyasa shi ma wata matsala ce. Dubi New York, an gama komai an kafa kyamarori za a fara a watan Yunin 2024 kan dala 15, gwamnar jihar Kathy Hochul ta dakatar saura 'yan makonni, zaɓe na gabatowa, sai bayan zaɓe aka dawo da shi a dala 9 aka fara a Janairun 2025. A Biritaniya ma da aka tambayi mutanen Edinbara a 2005 suka ce a'a, Manchesta a 2008 suka ce a'a. Ba wanda zai ɗaga hannu a cire masa kuɗi a aljihu. A bar ƙwararru su yi aikinsu kawai.

Malama Maman Sadik: To Stockholm babban birnin Sweden fa Injiniya? A 2006 suka gwada na wata bakwai, motoci suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, mutane suka gani da idonsu, aka dakatar aka yi ƙuri'ar raba gardama mazauna birnin suka amince, 2007 ya zama dindindin. Mutane ba wawaye ba ne, in sun ga amfani za su yarda. Kuma ƙwararrun da kake faɗa wa zai naɗa su nan? Ai wanda ke naɗawa yanzu shi dai zai naɗa, sai dai a ƙara nisanta su da mu.

Mai Kabu-kabu: Ni dai ku gahwarce ni ban yi karatunku ba amma wuni nikai cikin garin ga. Motocin gida nawa ne? Tun da anka cire tallahin mai 2023 da yawa sun aje motocinsu mu muke ɗaukarsu. Abin da ke toshe hanya tirela ce ta tsaya sauke kaya da rana tsaka, ga masu keke napep sun jeru layi biyu suna jiran hwasinja, ga mai lemu da mai kayan miya sun baje bisa kwalta don ba su da rumhwa, ga mutanen ƙauyukka da rashin tsaro ya koro gari ya cika. In kun sa kuɗɗi tirela ta biya ta ci gaba da tsayawa inda take, mai kaya shi ƙara ma buhu kuɗɗi.

Baban Ikram: Ai a Landan babur ba ya biya, kai ba ruwanka.

Mai Kabu-kabu: Haka za a rubuta ga takarda. Wanda ya tare ni bakin shataletale ya zare makulli ba takarda yake karantawa ba.

Hajiya 'Yar Kasuwa: Wallahi gaskiyarsa. Kuma su can wanda ya ajiye mota yana da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas ko'ina, ni in na ajiye tawa me zan hau da dilar atamfa?

Injiniya: Hajiya da kuɗin ne za a sayo bas ɗin ai.

Hajiya 'Yar Kasuwa: A'a a kawo bas tukuna mu gani, a yi wa tireloli wurin sauke kaya a bayan gari da lokacin shigowa, sannan a zo a yi mana maganar biya.

Malama Maman Sadik: Ni abin da nake so mu yi tun kafin a je ga wannan, kuɗin da ake karɓa yanzu a tashoshi da tara a kan hanya, a fito da lissafinsa. Kowace mazaɓa tana da ɗan majalisar jiha, su ke amincewa da kasafin kuɗi, suna da ikon kiran shugaban kowace hukuma ya zo ya yi bayani. Mu rubuta wa namu takarda ya nemi a faɗa nawa aka tara bara kuma me aka yi da shi. Zan tsara ta yau da dare in sha Allah.

Baban Ikram: Zan sa hannu, amma a ƙara sakin layi ɗaya a nemi gwaji na 'yan watanni irin na Stockholm, ban janye ba.

Kawu Direba: Ɗiyata in kin gama turo min, takardun da anka yanka muna na nan cikin mota ban yar ba, sai a haɗa da hotonsu.