Kalmar "put" da ƙananan kalmomin da ke bin ta: ina ɗalibanku suke tuntuɓe?

Malamin Aji Shida:
Assalamu alaikum malamai. WAEC da NECO sun ƙarato, kuma wurin da na fi ganin yara suna zubar da maki shi ne abin da ake kira "phrasal verbs", wato aikatau da ake liƙa masa ƙaramar kalma irin su on, off, up, out, sai ma'anarsa ta sauya. Na ɗauko "put" saboda kowane yaro ya san ta da "sa" ko "ajiye", kuma wannan sanin ne ke rufe masa ido. Kowa ya kawo abin da yake gani a takardun ɗalibansa da yadda yake gyarawa.

Bari in fara da wanda ya fi yawa: "put off the light". Mu kashewa ɗaya gare mu, a kashe fitila, a kashe gobara, a kashe janareta. Yaro ya san "put on the light" daidai ne, sai ya ɗauka kishiyarsa "put off" ce. Alhali aikin "put off" shi ne ɗage abu zuwa wani lokaci: "They put off the meeting till Monday." Kayan lantarki "turn off" ko "switch off" ake yi musu. Wuta mai ci, da kyandir, da taba, "put out".

Malamar 'Yan Mata:
Wa alaikumus salam. Malam, haka abin yake a tufafi. Suna rubuta "she put off her shoes", sun manta cewa kishiyar "put on" a nan "take off" ce. Amma wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "He is putting on a white kaftan" alhali ana nufin mutumin yana sanye da farin kaftani. A nan Hausa ce maganin. Ina rubuta jimla biyu a allo: "yana sa riga" da "yana sanye da riga". Ta farko aiki ne da ake kan yi, hannu na shiga hannun riga, ita ce "putting on". Ta biyu an riga an gama, rigar na jiki, ita ce "wearing". Da sun ga bambancin a harshensu ba sa sake kuskuren. Sai a ƙara musu "put on weight", yin ƙiba, domin da yawa "add weight" suke rubutawa, wasu ma "she has added" kawai.

Mai Jan Biro:
Ni matsalar gurbi zan kawo, wato inda karɓau (abin da aikin ya faɗa a kansa) yake zama. Idan suna ne, an yarda da hanya biyu: "put on your cap" ko "put your cap on". Idan kuwa wakilin suna ne, irin su it, them, him, her, dole ya shiga tsakiya: "put it on", "put them away", "put it off". "Put on it" da ma'anar sanya tufa kuskure ne, kuma ana yawan ɗana shi tarko a tambayoyin zaɓi.

Idan karɓau ɗin dogo ne, a kai shi ƙarshe. "He put on the cap his father bought in Maiduguri" ta fi daɗin ji a kan a jefa "on" can bayan Maiduguri, inda mai karatu ya riga ya manta da "put".

To sai a kula, ba kowace "on" ce ta aikatau ba. A "put the book on the table", "on" ɗin ta tebur ce, wuri take nunawa. Gwajin da nake ba yara: ka matsar da ita ka gani. "Put on the book the table" ba magana ba ce, don haka wannan ba irin waccan ba ce. Haka bayanau irin "quickly" ba ya shiga tsakanin "put" da wutsiyarta. "He quickly put on his shoes" ko "He put on his shoes quickly", ban da "put quickly on his shoes".

Malamin Aji Shida:
Madalla, Malam. Masu wutsiya biyu fa?

Mai Jan Biro:
"Put up with", jurewa ko haƙuri da abin da ba ka so, ba a raba ta ko da wakilin suna ne: "I can't put up with him." Yara kan yar da "with", sai jimlar ta koma wani abu dabam, domin "put him up" saukar baƙo ne, a ba shi wurin kwana. Amma "put down to", danganta abu ga dalilinsa, ita rabuwa take yi: "She put his failure down to laziness." Kar a koya musu cewa duk mai kalma uku ba ta rabuwa, za su zo su ci karo da wannan.

Tafinta:
Malamai, ku ba ni dama in shigo da na manya, domin ba yara kaɗai ba ne. "My wife has put to bed" a Najeriya kowa ya san haihuwa ake nufi. Bature in ya ji, jira zai yi a faɗa masa wa aka kwantar, saboda a wurinsa "put the baby to bed" kwantar da yaro ne ya yi barci. A rubutu sai a ce "gave birth" ko "had a baby". Haka "please put me through" da sabon ma'aikaci kan faɗa yana nufin a nuna masa aiki. A daidaitaccen Turanci haɗa mutum da wani a waya ne, ko jefa shi cikin wahala, ko ɗaukar nauyin karatunsa kamar "He put his brother through school."

Game da "put off the light" kuwa, ana samun masu faɗinsa a baki ko a Birtaniya. Amma na yarda da Malam, "turn off" ce ba ta da gardama a gaban mai maki. Kuma "put off" tana da wata fuska da ake mantawa, kashe sha'awa: "The smell put me off the food", warin ya sa abincin ya fita daga raina.

Malamar 'Yan Mata:
Akwai kuma abin da ke bin "put off" mai ma'anar ɗagewa. Aikatau mai -ing take ɗauka: "He put off going to the hospital", ban da "put off to go". Sannan "put" ba ta sauya kama, jiya da yau duk "put" ce, babu "putted". Shi ya sa a tambayar zaɓi nake ce musu su nemi kalmar lokaci a jimlar, ko su duba akwai -s ko babu. "He put it off" ya wuce, "he puts it off" ɗabi'arsa ce.

Malamin Furuci:
A baki, in wakilin suna ya shiga tsakiya, nauyin murya kan wutsiya yake sauka: put it ON, put it OFF. Idan aka juya ta koma suna, nauyin ya dawo farko: INput, OUTput. Ku sa su maimaita da ƙarfi a aji.

Mai Jan Biro:
Kan yadda za a koyar, ban ga amfanin a ba yaro jerin guda 30 ya haddace ba. Biyar a mako sun isa, kowace da jimla cikakkiya da takwararta mai kalma ɗaya: put off da postpone, put out da extinguish, put up with da tolerate, put forward da propose, put across da communicate. Tambayoyin neman kalma mafi kusa a ma'ana a kan haka suke tafiya, kuma takwarorin sun fi dacewa a wasiƙar hukuma. A nuna musu ƙamus ma. A na Oxford na masu koyo akwai kibiya mai kai biyu tsakanin karɓau da wutsiya, ita ke nuna karɓau na iya zama gaba ko baya. Yawancin yara ba su taɓa lura da ita ba.

Malamin Aji Shida:
Allah ya saka da alheri. Malama, wannan dabara ta "sa riga" da "sanye da riga" zan ɗauke ta. Mai abin faɗa kan "put up" ta ginin gida da ƙarin farashi, da "put in for" ta neman aiki ko hutu, ya kawo, su ma suna fitowa.